Babban Batirin Motar Haibirid Ya Yi Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Sayi Wani

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, motocin haibirid, masu aiki da fetur da lantarki a haɗe, waɗanda a da ake gudu, suka samu kasuwa. Prius, Camry Hybrid, Highlander Hybrid, Lexus RX400h, ga su nan a titunan Kano da Kaduna da Abuja, yawancinsu 'yan Kwatano da suka haura shekara goma. Ba sa shan mai, wannan kowa ya shaida. Sai dai ranar da jan alwatikan nan na gargaɗi ya bayyana a dashbod, abin da mai mota zai fara ji a gareji shi ne: "Alhaji, batir ne, sai an canja." Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma batirin lafiyarsa ƙalau, yunwar caji ce kawai ta kama shi, ko kuma wata 'yar waya ce ke yi masa ƙazafi a wurin kwamfuta. Amsoshin nan sun fi karkata ga Prius ta 2004 zuwa 2015, amma tsarin Toyota kusan ɗaya ne a sauran, adadin ne ya bambanta.

Wai batir nawa ne a motar nan? Ni dai ɗaya na gani a but.

Biyu ne. Wanda ka gani a kusurwar dama ta but shi ne ƙaramin, mai 12V. Babban yana bayan kujerar baya cikin akwatin ƙarfe, kuma manyan wayoyin da suka fito daga jikinsa ruwan goro ne. A Prius ta waɗannan shekaru akwai ƙananan batiran nikel da ake kira modul guda 28 a jere cikin akwatin, kowanne 7.2V, kowanne da sel shida masu 1.2V. Sel 168 ke nan, jimlar wuta 201.6V. Camry Hybrid ta 2007 zuwa 2011 modul 34 gare ta, 244.8V. Highlander Hybrid na farko da RX400h suna da 288V. 'Yar ƙaramar Prius c, wadda ake kira Aqua a Japan, modul 20 ne, 144V.

Motar ba ta da kik, ba ta da altaneta. Ƙaramin batir ba ya juya inji. Aikinsa ya tashi kwamfutoci, ya ja rilen da ke haɗa babban batir da sauran mota. A cikin giyabos akwai injinan lantarki biyu, MG1 da MG2. MG1 ne ke karɓar wuta daga babban batir ya juya injin fetur har ya tashi, daga nan ya koma janareta yana mayar da caji. Shi kuwa ƙaramin batir daga babban yake ci, ta cikin inbata, na'urar da ke sarrafa babbar wuta, muddin READY, alamar da ke nuna mota ta tashi, na kunne. Wanda ya riƙe wannan ya gane rabin abin da zai biyo baya.

Ina cikin cunkoso da esi a kunne, sai sandunan caji suka sauko zuwa biyu. Batirin ya fara mutuwa ke nan?

Ba lallai ba. Kwamfuta ba ta barin babban batir ya cika fal, ba ta kuma barinsa ya ƙare ƙarƙaf. Tana riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari, ta fi son ya zauna wajen 60. Sanduna takwas da ke allo wannan 'yar tazarar kaɗai suke nunawa. Esin motar kuma da babban batir yake aiki, ba da bel ba. To in ka daɗe a tsaye dole caji ya sauka, inji ya tashi da kansa ya mayar, ya sake mutuwa. Haka aka yi ta.

Abin dubawa shi ne saurin hawa da sauka. Sabon modul yana ɗaukar 6.5Ah. In ya tsufa wurin ajiyarsa ya ragu, sai ya zama kamar randar da laka ta cinye rabin cikinta: guga biyu ta cika, moɗa kaɗan ta ƙafe. Idan sanduna suka tashi daga biyu zuwa bakwai cikin 'yan mintuna, suka kuma zube kafin ka kai shataletale na gaba, a nan ne akwai magana. Sauran alamun su ne ƙarar fankar sanyaya batir daga gefen kujerar baya wadda da ba ka jin ta, inji ya daina mutuwa a danja, mota ta fara shan mai, ka faka da sanda shida da daddare ka wayi gari da biyu. Akwai kuma nauyi wajen ribas, domin Prius ba ta da giyar baya irin ta sauran motoci, MG2 ne ke tura ta.

Jan alwatika ya kama tare da fitilar inji da ta birki da ta VSC, mai hana mota zamewa. Me zan fara yi?

Ka samu wuri ka faka, kuma kada ka bari kowa ya cire kan ƙaramin batir. Al'adarmu ce, da an ga wuta sai a ce a cire tamina a mayar. Wutar za ta ɗauke kam, amma shaidar ta tafi tare da ita. A daidai lokacin da matsala ta auku, kwamfuta tana adana halin da mota ke ciki: ƙarfin wutar kowane sashe na batir, zafinsa, yawan cajinsa, gudun mota. Bakaniken da ya samu wannan bayani ya rage wa kansa aikin yini guda, ya rage maka kashe kuɗi a kan canki-canka.

Yawan fitilun kada ya firgita ka. Birkin motar yana aiki kafaɗa da kafaɗa da ɓangaren lantarki, saboda taka birki ma caji yake samarwa. Da ɓangaren lantarki ya yi ƙorafi, sai na birki shi ma ya kunna tasa fitilar.

Oga ya ce sai ya auna ƙaramin batir tukuna. Ina ruwan ƙarami da ciwon babba?

Ogan nan ya san aikinsa, ka riƙe shi. Kwamfutocin da ke auna babban batir da wutar ƙaramin suke rayuwa. In ta yi rauni sai su rikice su yi ta zubo lambobin matsala marasa kan gado, ko READY ya ƙi kamawa gaba ɗaya. Da yake ba shi ke juya inji ba, ba za ka taɓa jin jan numfashin kik ɗin nan da ke gargaɗin direban wata mota ba. Shiru zai yi ta mutuwa.

A sa mita bayan mota ta kwana. Mai lafiya zai nuna wajen 12.4V zuwa 12.6V. In ya gaza 12V, ko ya faɗi warwas da an kunna manyan fitilu, a fara da shi. Sannan a sa mota a READY: ya kamata mita ta tashi zuwa wajen 14V. In ba ta tashi ba, caji ba ya zuwa daga inbata. A nan a duba famfon ruwan inbata, wanda ya yi ƙaurin suna a Prius ta 2004 zuwa 2009. Buɗe murfin 'yar tankin da ke jikin inbata kana READY, ka leƙa. In ruwan na motsi famfo na aiki. In ya kwanta luf, famfo ya mutu, inbata na ɗaukar zafi, lambar da za ka gani kuma P0A93 ce. Babban batir ba shi da hannu a ciki.

An sa mata kwamfuta, mai na'urar ya ce babu komai. Wani kuma ya ce P3000. Wa zan yarda da shi?

Ƙananan na'urorin nan masu araha kwamfutar inji kaɗai suke karantawa, alhali motar tana da wata ta haibirid da wata ta batir. Ana buƙatar Techstream, wato manhajar Toyota, ko babbar na'urar da ke shiga kowane ɓangare. Ko da wayarka ma za ka iya ganin abubuwa da yawa, in ka samu 'yar na'urar OBD2 mai kyau, wadda ake jonawa a soket ɗin gwajin mota, ka haɗa da manhaja irin Dr. Prius ko Hybrid Assistant.

P3000 ita kaɗai ba hukunci ba ce. Kwamfutar haibirid ce ke cewa ta batir ta kawo ƙara, a je a tambaye ta. Toyota tana liƙa wa irin waɗannan lambobi wata ƙaramar lamba mai alƙaluma uku, kuma a nan zancen yake. P3000 mai 388 ko 389 tana nufin caji ne ya zube ƙasa sosai, wanda ke iya faruwa da sabon batir ma. P0A80 tana nufin wani sashe ya bambanta da 'yan'uwansa fiye da kima. P3011 zuwa P3024 su ke kiran sunan mai laifi: ta farko bulok na 1, ta ƙarshe bulok na 14. P0A7F na cewa batirin gaba ɗayansa ya tsufa. P0A0D kuwa kusan kullum bayan wani ya taɓa batir take fitowa, saboda an mayar da fulogin tsaro, wanda ake zarewa don yanke babbar wuta, ba a kulle hannunsa har ƙarshe ba. An sha kwana ana neman ciwo a kan wannan.

Duk wanda ya karanta maka lamba, ka ce ya ba ka har da ƙaramar, ka kuma ɗauki hoton allon da wayarka kafin ya goge.

P0A80 ta fito. Shi ke nan, sai sabon batir?

Sai an tabbatar. Kwamfuta ba ta auna modul ɗai-ɗai, bibbiyu take haɗa su, kowane biyu bulok guda. Prius na da bulok 14, Camry 17. A rubuce bulok 14.4V ne, amma a kan aiki za ka gan shi yana yawo, ya sauka in ana jan wuta, ya haura 16V in ana caji. Yawon ba laifi ba ne in dai tare suke yinsa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna batir yana hutawa. Sel mai ciwo yana iya nuna daidai da kowa in ba a ɗora masa kaya ba. Yadda ake kama shi: mota ta yi ɗumi, a sa wa tayoyi waigi, a ja birkin ajiya, a buɗe allon da ke nuna bulok-bulok a lokaci guda. A taka birki da ƙarfi, a sa D, a ɗan taka totur, inji zai tashi caji ya shiga. Sai a koma R a ɗan taɓa totur kaɗan yadda inji ba zai tashi ba, ko a tsaya a P a ƙure esi, batir zai fara bayarwa. Kada a daɗe ana danne mota a giya, 'yan daƙiƙu sun isa kowane zagaye, domin inbata da injinan lantarki suna ɗaukar zafi.

Batir mai lafiya, tazarar da ke tsakanin bulok mafi sama da mafi ƙasa ba ta cika wuce 0.2V zuwa 0.3V ba. In sel guda ya mutu, bulok ɗinsa zai zauna ƙasa da sauran da wajen 1.2V, daidai wutar sel ɗaya. Mai rauni kuma da bai ƙarasa mutuwa ba yana da wata ɗabi'a: shi ne na ƙasa in ana jan wuta, shi ne kuma na sama in ana caji. In bulok guda ne ke yin haka a kowane zagaye, ka kama ɓarawonka. Manhajar tana kuma nuna turjiyar cikin kowane bulok, wadda kan zauna wajen 0.02 om, wanda ya yi wa sauran fintinkau abin zargi ne. Kada ka yi mamaki in na tsakiya ne, su suka fi shan zafi saboda maƙwabta sun rufe su ta ko'ina.

In kuwa lambobin tsalle suke yi ba tsari, yanzu wannan ya nuna 9V, an jima ya koma 16V, maƙwabcinsa ya yi akasin haka, to ba sel ba ne. Duba tambaya ta gaba.

Tawa P0AFA ta nuna, wai wutar batir ta yi ƙasa. Wani bulok ma sifili yake nunawa.

Wannan lamba tana fitowa ne in kwamfuta ta ga wani bulok ƙasa da 2V. Ka yi lissafi: bulok sel 12 ne. Kafin ya faɗo daga 15V zuwa ƙasa da 2V sai kusan dukansu sun mutu a tare, alhali na kusa da su suna nan garau. Abu ne mai wuya. Mafi kusa shi ne kwamfuta ta daina ganinsa. P3030 ma 'yar gidansu ce.

Daga kowane bulok akwai siririyar waya da ke kai labari ga kwamfutar batir. Modul-modul ɗin kuma an haɗa su da 'yan faranta na jan ƙarfe da noti. Shekaru da danshi da ɗan ruwan batir da ke tsattsafowa suna cin su. In aka buɗe za ka ga farantan sun yi kore-kore da fari-fari kamar an barbaɗa musu gishiri, wata wayar ta tsinke daga wuyanta, wani lokaci har fil ɗin soket ɗin kwamfuta ya yi baƙi ya ƙone. Gyaran shi ne a wanke ko a canja farantan, a canja wayoyin awon, in soket ya ƙone a canja kwamfutar batir. Kuɗinsa bai kama ƙafar na batir ba. Wanda ya sayar maka da batir a kan wannan lamba ba tare da ya buɗe ya duba ba, ko bai sani ba ko ya sani.

Mai ya ƙare mini a hanya. Na zuba, tana tashi ta yi 'yan daƙiƙu ta mutu. Yanzu ko READY ba ta kamawa.

Wannan ita ce hanyar da aka fi kashe lafiyayyen batir da ita. Abin da ka ji ba tashin inji ba ne. MG1 yana juya inji da sauri sosai, wajen juyi 1,000 a minti, har ka rantse ya kama. Kwamfuta ta jira, ta ga babu ƙarfi, ta haƙura. Kowane gwaji daga babban batir ake cira, ba a kuma mayar da komai tunda inji bai tashi ba. Kai ka gwada, yaron gareji ya gwada, mai wucewa ya ce a cire tamina a sake. Kafin la'asar caji ya faɗi ƙasa da inda kwamfuta za ta yarda ta sake gwadawa.

Lambobin da ke rakiyar wannan su ne P3190, P3191, P3193 da P0A0F, dukansu maganar inji suke yi. Ba ƙarewar mai kaɗai ke jawo su ba. Gurɓataccen man bumburutu, famfon mai da ya gaji, bakin totur da ya yi datti, na'urar awon iska da ƙura ta rufe, fulogin inji, duk suna iya hana inji kamawa. Ƙa'idar ita ce in an gwada sau biyu bai tashi ba a tsaya, a nemo dalili, a gyara, sannan a kashe ragowar cajin a kan gwajin da ake da yaƙinin zai yi. Haka kuma in mai ya ƙare kada ka ce bari ka lallaɓa da lantarki zuwa gidan mai. Za ta ɗan tafi, amma abin tashin inji kake ci.

To a tura ta mana, ko a yi mata jam da wata mota?

Ba a tura ta ta tashi. Ba a kuma jan ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, domin MG2 na juyawa tare da su yana haifar da wuta. A ɗora ta a kan motar ɗauka. Jam yana taimakon ƙaramin batir ne kawai, akwai wurin maƙala waya cikin akwatin fis a ƙarƙashin bonet. A kula da ja da baƙi, juya su sau ɗaya yana ƙona babban fis, wani lokaci har inbata.

In babban ne ya zube, sai caja ta musamman mai fitar da DC sama da 200V, mai turawa a hankali, ƙasa da amfiya 1, na tsawon sa'o'i, fanka na hura shi. Ba inbatar sola ba, ba cajar batirin babur ba, ba wata haɗa-haɗar wayar NEPA ba. In babu irin wannan caja, masu aikin kan fito da batir su caja modul-modul ɗin da ƙananan cajoji, ko su ɗora wani batir na aro a tashi mota.

Gaskiya ne sa giya a N a cikin cunkoso yana cutar da ita?

Gaskiya ne. A N motar ba ta caja babban batir ko da inji na aiki, esi kuwa yana ci gaba da zuƙa. Direbobin da suka saba da tsofaffin motoci su suka fi faɗawa. In tsayuwar gajeriya ce bar ta a D ka taka birki, in doguwa ce sa P.

Me ya sa batiran nan ba sa daɗewa a wurinmu kamar a Turai?

Da farko dai da tsufansu suke zuwa. A Amurka garantin da Toyota ta ba batiran waɗancan shekaru shekara 8 ne ko mil 100,000, a jihohin da ke bin dokar Kalifoniya shekara 10 ko mil 150,000. Motar 2008 ta daɗe da wuce nan. Ga zaman jirgin ruwa da na tashar jiragen, batirin nikel kuma yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba.

Sai zafi da ƙura. Batirin ba ruwa ke sanyaya shi ba, iskar cikin mota ce. Fanka na zuƙo ta daga wata 'yar taga a gefen kujerar baya ta hura ta tsakanin modul-modul. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40 a inuwa, motar da aka faka a rana tanderu ce. Mai kashe esi don tsimin mai ya sani iskar da yake shaƙa ita batirinsa ke shaƙa, kuma abin da ya tsimin bai kai kuɗin modul ba. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a fukafukan fanka. Ciro ta motar da ta yi shekara biyu a nan ba a taɓa ba, za ka tarar ƙura da zare da gashi sun dunƙule sun toshe tsakanin fukafukan, wani lokaci har da ledar alawa. Tana juyawa, tana ƙara, iska ba ta wucewa. A wanke ta duk bayan hunturu. A kuma hana fasinja jingina jaka ko mayafi a bakin tagar, masu ɗinkin rigar kujera su ma a nuna musu kada su rufe ta.

P0AA6 fa? Sai na kashe mota ta ƙi tashi, in an goge ta tashi.

Wannan ta yoyon wuta ce: babbar wuta ta samu hanya zuwa jikin mota. Ƙaramar lamba ke nuna wurin. 526 na cewa akwai yoyo, 612 ɓangaren batir, 613 giyabos, 614 wajen inbata da manyan wayoyi, 611 kwamfuresar esi. In batir ne, galibi wani modul ne ya tsage ruwansa ya gangaro ya taɓa ƙarfen ƙasa, za a ga tabonsa in an ɗaga. Ruwan sama da ke shiga but da na masu wankin mota su ma suna jawowa.

Ta 611 ita ce abin takaici, don mu ke jawo ta da hannunmu. Kwamfuresar esin tana da injin lantarki a ciki, man da ke cikinta kuma na musamman ne, ND-11, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai ɗura gas a bakin titi in ya zuba man esi na gama-gari, ko ya yi aiki da tiyon da ya jiƙe da shi, ya gama da kai. Kada a mayar da goge wannan lamba abin yi kullum, an sa ta ne don kare rai.

Ni mai rewaya ne, shekarata ashirin a kan aiki. Zan iya buɗe batirin?

Za ka iya koya, Malam, amma shekara ashirin a kan 12V ba ta shirya hannunka ga wannan ba, ta ma saba maka da taɓa waya ba tsoro. DC mai 200V tana kisa. Inbata kuma tana ɗaga ta zuwa 500V a Prius ta 2004 zuwa 2009, zuwa 650V a ta 2010 zuwa 2015.

A kashe mota, a nisanta makulli, a cire baƙin kan ƙaramin batir. A sa safar hannu ta roba mai jure 1,000V, a hura ta tukuna a ga ba ta huje ba. A zare fulogin tsaro mai ruwan goro, ka sa shi a aljihunka don kada yaro ya mayar kana aiki. A jira minti 10 kafasitocin inbata su sauke, sannan a auna a tabbatar. Zobe da agogo a cire. Ka kuma sani zare fulogi raba batirin biyu kawai ya yi, kowane ɓari na nan da wutar da za ta kayar da mutum har sai an kwance farantan. Ruwan ciki ba asid ba ne, dangin sodar sabulu ne, yana cin fata da ido. Kada ka yi aikin kai kaɗai a shago.

A canja modul ɗin da ya mutu kawai, ko a sayi batir sukutum?

Ya danganta da lafiyar sauran 27, ba da wanda ya mutu ba. Tare aka haife su, tare suka sha rana. In awo ya nuna sauran sun yi kusa da juna kuma suna riƙe caji, canja ɗaya ko biyu na iya ba ka lokaci mai kyau. In duk sun gaji, yau ka canja na 6, bayan wata biyu na 9 ya biyo, kuɗin aiki kaɗai zai ishe ka.

In za a yi, a yi shi da kyau. Modul da aka ciro a auna shi yana hutawa, wanda ya nuna wajen 6.5V alhali sauran na 7.6V ko sama ya rasa sel. A ɗora wa kowanne kaya, ko da ƙwan babbar fitilar mota ne, na lokaci iri ɗaya, a rubuta yadda ya sauka. Wanda za a sa ya zama ƙarfinsa ya yi kusa da na sauran. Sabo fil a cikin tsofaffi ma rikici ne. A daidaita cajinsu kafin a haɗa. Kada a caja modul a waje shi kaɗai ba a matse shi ba, kumbura zai yi. Notin kuma 5.4Nm ake ɗaure su, a wuce haka ƙusar ta karye, a gaza haka wurin ya yi zafi.

Ra'ayina, mai motar haya ko mai doguwar tafiya ya nemi sabon batir ko cikakke daga mota mai ƙarancin shekaru. Faci na mai zirga-zirgar cikin gari ne, wanda in ta tsaya ba a daji za ta tsaya masa ba. In za ka sayi na hannu, a Ƙofar Ruwa ne ko Fanteka ko Legas, sharaɗin shi ne a ɗora a motarka a gwada da lodi kana kallon allo, a kuma rubuta maka garanti. Tsabtar akwati ba ta nuna komai.

Zan sayi haibirid 'yar Kwatano. Yaya zan gane ba a goge mata wuta ba?

Je da na'urarka. In aka goge lambobi ko aka cire batir kwanan nan, gwaje-gwajen da kwamfutar inji ke yi wa kanta za su nuna ba su kammala ba. Wannan kaɗai ya isa ka tambayi dalili. Sannan ka tuƙa ta na aƙalla rabin sa'a, da esi, da hawa, da taka totur sosai, wani na riƙe da waya yana kallon tazarar bulok. Dillalin da ya ce zagaye ɗaya a layi ya isa, ka gode masa. Kada ƙarancin kilomita ya ruɗe ka: motar da ta yi shekaru a ajiye batirinta kan fi lalacewa a kan wadda ake mora kullum.

Duk wannan ya shafi Honda da sababbin motoci?

Hanyar binciken ɗaya ce, lambobin ne daban. Civic Hybrid mai tsarin haibirid na Honda da ake kira IMA tana da kik na ko-ta-kwana mai 12V, don haka takan tashi ko babban batir ya raunana. Daga Prius ta 2016 kuma wasu na zuwa da batirin litiyam mai 207.2V, wasu da na nikel. Alƙaluman da aka bayar a sama na nikel ne, kada a auna litiyam da su, kada kuma a sa masa cajar nikel.

Zan tafi aikin Hajji, motar za ta yi sama da wata a ajiye. Me zan yi?

Ka faka ta a inuwa da mai a tanki, sanduna biyar ko shida a allo. Ƙaramin batir ne zai fara sauka, ba babban ba. Ka bar wa wani amintacce makulli, duk mako ko mako biyu ya sa ta a READY, giya a P, na wajen rabin sa'a, esi da rediyo a kashe. Ka nuna masa da kyau cewa sai ya taka birki kafin ya danna maɓalli, in ba haka ba allo ne kawai zai kama, ƙaramin batir ya ƙara zubewa. A yi hakan a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, domin inji zai tashi da kansa kuma hayaƙinsa irin na kowace mota ne.